Ranar da Maza Suka Nome Accar Mama

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, wani zazzaɓi ya kama mazan unguwarmu, kuma ba na cizon sauro ba ne. Zazzaɓin taro ne. Mutumin da jiya-jiya ko tarinsa ba a ji a majalisar ƙofar gida, sai ga shi yana ɗaga hannu yana cewa yana da ƙuduri. Maigidana ma bai tsira ba. Akwai ranar da na tambaye shi ko tuwo zan yi ko shinkafa, ya gyara zama ya ce a fara jin ra'ayin masu rinjaye. Na ce masa masu rinjayen suna Islamiyya, in sun dawo sai su hura wutar da kansu.

A Gyaɗi-Gyaɗi muke zaune a lokacin, gidan haya ta bayan titin Gidan Zu. Muna da ƙungiyar taimakon kai da kai wadda ta haɗa mutanen unguwarmu da na Tarauni: ma'aikatan gwamnati, malaman makaranta, teloli, masu ƙananan shaguna. Ba zan ci haƙƙinsu ba, suna aiki. Kafin damina su yashe kwatoci, bayan damina su cike ramukan da ruwa ya ci a layi. Suna gyaran maƙabarta. Lokaci-lokaci su sayi lemo da sabulu su kai wa marasa lafiya a asibiti, a yi musu sannu a dawo. Bayan Sallah kuma a yi wasan ƙwallo tsakanin magidanta da gwauraye, inda magidanta ke shan kashi, washegari mu matansu mu wuni dafa ruwan gashi. Duk wannan sun daɗe suna yi ba hayaniya. Zuwan farar hula ne ya sa ko tsintsiya za a saya sai an kaɗa ƙuri'a.

Shugaban ƙungiyar wani Alhaji ne mai shagon taya, mutumin kirki, mai saurin hawaye da saurin yanke hukunci. Maigidana shi ne mai magana da yawun ƙungiya, don haka lasifika a gidanmu take kwana, kuma na sha wahalarta. Sai kuma yayan Shugaba, wani dattijo ɗan fansho da muke kira Duba-gari a bayan idonsa. Ba ya fashin aikin gayya ko sau ɗaya, amma ban taɓa ganin hannunsa ya taɓa shebur ba. Da zuwa zai sa a ajiye masa benci a inuwa, ya miƙe ƙafafu, ya riƙa nuna wa mutane inda suka bari. Tunda yayan Shugaba ne, kuma ya haifi rabin mahalarta, babu mai iya ce masa ya matsa.

Mu mata an ba mu suna mai daɗi, wai reshen mata. Aikin reshen nan kuwa girki ne. Dimokuraɗiyyar da ta cika bakin maza ba ta taɓa leƙowa madafi ba.

To, a can ɓangaren Tarauni, inda gidaje ba su gama haɗewa ba a wancan zamanin, akwai wata tsohuwa da kowa ke ce wa Mama. Kirista ce, 'yar kudancin Kaduna, ta yi aikin koyarwa a firamare har ta yi ritaya. Da wuya ka sami gida a unguwannin nan biyu da babu wanda ya sha dorinarta ya kuma iya karatu a hannunta. Babban ɗana ma ita ta koya masa riƙe fensir, ta nan muka saba. Mijinta ya gina ɗaki biyu a gaban filinsu, Allah ya yi masa rasuwa bai ƙarasa ba, bayan gidan ya zauna fili da guntuwar katanga. 'Ya'yanta duk aiki ya watsa su garuruwa. Da Kirsimeti ta aiko mana shinkafa da cincin, da Babbar Sallah mu aika mata cinyar rago. Nakan je wurinta da yamma in na gaji da jin lasifika, mu zauna muna tsinkar zogale muna gulmar duniya.

A filin nan na bayan gida Mama ke shuka acca duk damina. Wanda bai taɓa ganin acca a gona ba, ko an dafa masa Alƙur'ani ba zai yarda abinci ce ba. Ciyawa ce sak, siririya, da ƙyar take kai gwiwa. Ba a jera ta layi-layi kamar gero, watsa ta ake yi, ta fito a cunkushe kamar wurin da aka manta da shi. Ni kaina ranar da na fara ganinta cewa na yi, "Mama, ba kya tsoron maciji?" Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko wata 'yar gora da ta yi baƙi saboda tsufa, ta ba ni labarinta.

Ranar da za ta hau jirgin ƙasa ta biyo mijinta Kano tana amarya, mahaifiyarta ta cika mata gorar nan da irin accar gidansu. Wata iri ce ja-ja mai ƙamshi, mai saurin nuna. Ta ce mata duk inda ta sami ƙasa ko da faɗin zani ce ta watsa, kada ta bari irin ya mutu a hannunta. Tun daga nan Mama ba ta taɓa fashi ba. A can gida kuwa 'yan'uwanta sun koma noman citta da masara, har aka wayi gari babu mai irin a garin kaf. Ta taɓa aikawa a bincika mata, aka ce sai dai labari.

"A gida yanzu Bakanuwa suke ce mini," in ji ta. "A nan kuma 'yar kudu. Accar nan ce kawai ta san ni a can, ta san ni a nan."

A daminar da ta gabaci wadda nake ba da labari, rufin ɗakinta ya yi yoyo a kan tukunyar da take ajiye iri, duk ya ruɓe. Abin da ya tsira ɗan wanda ke cikin gorar ne, don a ƙusa take rataye. Da ruwa ya sauka a shekarar farar hula, ina tsaye ta juye gorar kaf a filin, har tana bubbuga gindinta.

"Mama, ba za ki rage ba?" na ce.

"Me zan rage, 'yata? Ba shi da yawa, kuma iri in ya daɗe a ajiye ƙarfinsa tafiya yake. In Allah ya so za ta yi."

Ta kuwa yi. Zuwa tsakiyar damina filin ya yi kore shar, in iska ta kaɗa har wani sheƙi yake. Ba ta riga ta fitar da kai ba, don haka duk abin da ya rage na irin mahaifiyar Mama a duniya yana tsaye ne a filin nan, ɗanye.

Ƙungiyarmu tana da wata al'ada da nake yabawa har gobe, duk da abin da ta jawo. Ba a tambayar mutum ko yana bukatar taimako. A wurinsu tambaya tonon asiri ce, don mai mutunci cewa zai yi lafiya lau ko da gidan na rushewa a kansa. Sai a bari ya fita, a zo a yi aikin, ya dawo ya tarar. Haka suka taɓa yi wa wani makaho daɓen ƙofar gida, haka suka ɗaga wa wata gwauruwa katangar da ta faɗi. Rufin asiri suke kiran abin.

Wata rana Shugaba ya bi ta bayan gidan Mama a kan babur, ya hango filin ta saman guntuwar katangar. Aka ce a taron da ya biyo baya har muryarsa na rawa. Tsohuwar da ta koyar da 'ya'yansu, ciyawa ta cinye mata gida, sauro da macizai sun sami masauki, su kuma suna nan suna kiran kansu ƙungiya! Nan take aka kawo ƙuduri, aka goyi baya, hannuwa suka tashi. Aka tsayar da Lahadi, tunda Mama tun safe take tafiya coci sai bayan azahar. Sannan wani mai hikima ya kawo ƙuduri na biyu, cewa kada a gaya wa reshen mata inda za a yi aikin, wai bakinmu ba ya riƙe magana. Wannan ma ya wuce ba hamayya, kuma daga baya na ji cewa hannun maigidana ya fi na kowa tsawo.

Abin da aka ce mana kawai shi ne mu dafa shinkafa da wake da kunun zaƙi, da rana za a turo ɗan acaɓa ya nuna mana hanya. Na yi ta lallaɓar maigidan ya faɗa mini, har da ƙara masa nama a miya. Ya cinye naman ya ce sirrin ƙungiya ne.

Ranar Lahadi muka ɗora kuloli a ka, ni da mata uku, muna bin ɗan acaɓa yana tafiya a hankali. Da na ga mun miƙi hanyar Tarauni ban kawo komai a raina ba. Da muka karya kwanar layin su Mama sai na ƙara sauri. Kafin mu kai na fara ganin awakin unguwa sun taru a kan juji suna cin wani tulin kore, na kuma ji muryar maigidana a lasifika yana cewa a ƙara himma, saura kaɗan.

Na zagaya bayan gidan. Filin nan ya zama ƙasa ja wur, an kankare shi ƙal, har an share an yayyafa ruwa. Maza sun jiƙe da gumi, kowa na murmushi, fartanyoyi a kafaɗa. Ban san lokacin da na dire kular ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam, me kuka yi?"

Maigidana ya sauke lasifika ya ce, "Ai kin gani. Yanzu kin san dalilin da ya sa aka ɓoye muku."

"Ina accar?"

"Wace acca?"

"Accar Mama! Wadda kuka tura wa awaki!"

Shugaba ya matso yana share fuska da hula. "Hajiya, yi haƙuri, ciyawa ce muka nome. Ni na gan ta da idona. Acca ai a kwano ake sayar da ita."

"Alhaji, kafin ta shiga kwanon daga sama take faɗowa?"

Wani malamin sakandare ya ce shi dai ya karanta aikin gona, kuma abin nan ciyawa ce. Na tambaye shi a wace gona ya karanta. Na gaya musu labarin gorar, da jirgin ƙasa, da yoyon rufi, ban rage komai ba, kuma ban yi da murya ƙasa-ƙasa ba. Ina magana fartanyoyi na sauka daga kafaɗu ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ruga juji ya dawo da abin da ya ƙwato daga bakin akuya, yana tambaya ko za a iya mayarwa. Saiwoyin duk sun sha rana sun yi yaushi. Wani daga baya ya ce a hankali, "Garin neman gira an rasa ido."

Muna cikin haka Mama ta shigo, da ɗaurin ɗankwalinta na coci, littafinta a hammata, lema a hannu. An shirya cewa maigidana zai yi jawabin maraba. Sai na ga yana tura lasifikar bayansa kamar yaron da aka kama da ƙosai.

Mama ta tsaya ta dubi filin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta dubi mutanen nan da guminsu da ƙasar da ta ɓata musu riguna. Ni na so a ce ta yi faɗa, ta ɗauko muryar ajin nan da ta sa rabinsu fitsari a wando suna yara. Ba ta yi ba.

"Sannunku da aiki," ta ce. "Allah ya saka da alheri."

Ta juya ta shiga ɗaki. Wallahi da mari ta bi su da shi ɗaya bayan ɗaya da ya fi musu sauƙi. Shugaba ya tsuguna a wurin, hawaye na bin gemunsa.

Na bi ta ciki. Na same ta a bakin gado, ba ta ko cire takalmi ba, gorar nan a cinyarta. Ba kuka take ba, tana dai shafa gorar da babban yatsa. Ta ce, "Ta faru ta ƙare, 'yata, an yi wa mai dami ɗaya sata. Me zan ce wa mamata in mun haɗu?" Tausayinta ya cika ni, haushin mazan nan kuma ya fi tausayin yawa, don haka na fito in ƙarasa musu abin da na fara.

Fitowar nan tawa ita ce sa'a. Babu wanda ya iya cin shinkafar, kowa na tattara kayansa ya sulale. Duba-gari ya miƙe a karon farko tun safe, aka ɗauke masa bencinsa daga kusurwar da inuwar katanga take. Ashe tunda ba mai iya ce masa ya tashi, zagaye shi aka yi ta yi da fartanya. Ƙarƙashin bencin da bayansa har zuwa jikin katanga, ga acca nan tsaye, kamar faɗin tabarma. Wani tela ɗan Tarauni, mai son a ce ba ya barin aiki rabi, ya hango ta. Hannunsa ya riga kansa tunani, ya ɗaga fartanya yana cewa, "Af, ga saura nan."

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Na sha gabansa da ludayin kunu a hannu na ce in ya sauke fartanyar nan to a kaina za ta sauka. Ya ja da baya yana salati. Na ƙwala wa Mama kira.

Ta fito ta durƙusa da kayan cocinta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta sa hannu tana tayar da waɗanda ƙafar Duba-gari ta kwantar.

"Za ta isa iri," ta ce. "In awaki sun bar ta, tsuntsaye sun bar ta." Ta ɗago ta dube su. "Ku ma kun bar ta."

Duba-gari ya yi gyaran murya ya ce shi dama tun safe jikinsa ya ba shi, shi ya sa ya ƙi tashi. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ranar ba wanda ke da bakin ƙaryata shi.

Kada a ɗauka sun yi hankali nan take. Bayan kwana biyu suka yi taron gaggawa, su kaɗai, suka yanke cewa a biya Mama. Aka je kasuwar Sabon Gari aka sayo buhun acca guda, aka sa manyan riguna, aka kai mata da rakiya. Ta kwance bakin buhun ta ɗebo a tafin hannu, fara tas.

"Alhaji, wannan an surfe ta. Ci ake yi, ba a shukawa. Ko ka shekara kana ba ta ruwa ba za ta tsiro ba."

Amma ba ta mayar musu ba. Ta ce su zauna. Ta aika aka kira ni, muka ɗora tukunya, ta yi musu gwaten acca da yakuwa da gauta, ta ce kowa sai ya ci, ya san ɗanɗanon abin da ya nome. Suka ci kansu a sunkuye. Shugaba yana share hawaye ya miƙo kwano a ƙara masa.

A taro na gaba muka je, mu reshen mata, ba tare da an gayyace mu ba. Muka shimfiɗa tabarmarmu a gefe. Na ɗaga hannu kamar yadda na ga suna yi, na ce ina da ƙuduri: daga yau a riƙa tambayar mutum kafin a taimake shi. Shugaba ya ce wannan ba zai yiwu ba, rufin asiri gadon ƙungiya ne. Aka yi ta ja har la'asar ta kusa wucewa. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa ba za a tambayi mai gida ba, amma dole a tambayi mata, tunda mu muke shiga gidaje mu san abin da ke bayan kowace katanga. Maigidana ya goyi baya da sauri, don ya san inda zai kwana.

Sai batun gadi. Aka kewaye 'yar accar da tsofaffin kwanukan rufi saboda awaki. Saboda tsuntsaye kuma aka ɗaura igiyoyi aka rataya gwangwanaye, wani ya kwaso ragowar fastocin zaɓe da suka cika katangun unguwa aka jera su suna kaɗawa a iska. Mama ta ce wannan ne aikin farko da ta ga 'yan takarar nan sun yi wa unguwa. Da aka zo neman mai zama, ido ya koma kan mutum ɗaya. Duba-gari ya karɓi muƙamin da hannu biyu. Aikin da aka halicce shi dominsa ne ya same shi da tsufa. Kullum da hantsi ya iso da 'yar sanda, wani yaro na biye da shi ɗauke da bencinsa da rediyo, ya zauna har rana ta yi sanyi, in ya tashi salla sai ya ajiye wani a madadinsa. Akuyar da ta taɓa leƙowa, ta gidan ƙanensa Shugaba ce ma, ta koma da ɗingishi. Mama kan kawo masa shayi, su yi ta musun wanda ya fi wani shan wuya a hannun ofishin fansho.

Accar ta fitar da kai, ƙanana kamar yatsun tsuntsu, ta fara ja. Sai wata safiya bayan an kwana ana ruwa da iska, Duba-gari ya tarar da ita a kwance shame-shame. Hankalinsa ya tashi, ya aika aka kira Shugaba da maigidana da telan nan. Ina isowa na tarar da manyan mutane huɗu a durƙushe, sun kwance tsintsiya, suna shirin kafa wa kowane kara tsinke su ɗaure shi da zare. Telan har ya zo da almakashi. Sai Shugaba ya dakata, tsinke a hannunsa, ya ce, "Ku tsaya. A tambayi Mama." Na ji daɗin maganar nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Mama ta leƙo ta ce, "Ku rabu da ita. Haka take kwanciya in ta yi nauyi. Da kun taɓa ta da duk ta zube."

Ranar girbi da wuƙar yanka albasa ta yanke ta, don lauje ya yi mata girma. Ta shanya a tabarma, da ta bushe ta murje da ƙafa, ta sheƙe a faifai. Abin da ya fito ko rabin gorar bai kai ba. Na zaci za ta toshe bakin ta rataye a ƙusa, ta kuma hana kowa kusantar ɗakin. Maimakon haka sai ta sa aka kira 'yan ƙungiya maza da mata. Ta yayyaga wani tsohon ƙyalle, tana ɗiba da yatsu uku tana ƙullewa tana miƙa wa kowa.

"Mamata mutum ɗaya ta ba wa," ta ce, "shi ya sa rana ɗaya ta kusa cinye shi. Ku kai gida ku watsa. Ko ba ku ci ba, kwa gane fuskarta in kun gan ta."

Da yawa ba su kai labari ba. Na wasu kaji suka tsince, na malamin aikin gona kuwa matarsa ce ta share da tsintsiya. Nawa ya yi a cikin wani fasasshen baho. Na Duba-gari ya fi na kowa, don shi ya san yadda ake zama a jira abu. Duk kaka mukan kai wa Mama abin da muka samu ta zuba a gorarta, har gorar ta koma cika kamar ranar da ta hau jirgi.

Shekaru suka ja. Mama ta yi 'yar gajeriyar jinya ta rasu, 'ya'yanta suka ɗauki gawarta zuwa garinsu. Ƙungiya ta ɗauki hayar bas don zuwa ta'aziyya, wannan karon ba a ko kaɗa ƙuri'a ba. Tun kafin su tafi da gawar babbar 'yarta ta ce gorar tamu ce, Mama ta ce a bar mana. Muka ce iri muna da shi, gorar kuwa gida za ta koma. Duba-gari, wanda a lokacin sai an riƙe shi yake hawa mota, ya ce shi zai riƙe. Ya rungume ta a ƙirji tun daga Tarauni har muka isa. Ita ce kaya na farko da na taɓa ganin ya ɗauka.

Aka kai mu wurin ƙanen Mama, wani tsoho da ke zaune a gindin mangwaro ana yi masa gaisuwa. Bayan mun yi namu, Duba-gari ya miƙa masa gorar. Tsohon ya juya ta, ya cire toshiyar, ya zuba kaɗan a tafin hannunsa na dama. Ya baza da yatsa, ya kai hanci. Ya yi wata magana da yarensu wadda ta sa matan da ke wurin suka taso. Sannan ya ce da Hausa, "Ta mamarmu ce. A ina kuka same ta?"

"A ƙarƙashin bencina," in ji Duba-gari.

Mu muka yi dariya da hawaye a fuska, tsohon kuwa bai gane ba, bai kuma tambaya ba. Ya dunƙule hannun a kan ƙwayoyin. Aka kawo ruwa, aka kawo abinci, aka yi addu'o'i, hannun na nan a dunƙule. Da muka shiga bas za mu tafi ya rako mu har bakin hanya, ya ɗaga mana hannun hagu. Ba wanda ya ga laifinsa a cikinmu.